Turken Goggo Hajjo

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan magana, ina roƙonSa Ya sa ta amfani wanda ta isa gare shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyukan da abin ya faru ba. Na riga na ɓata musu suna sau ɗaya, ya isa haka.

Ni mutumin Haɗeja ne. A nan aka haife ni, a nan na yi karatu gaban mahaifina har na sauke, na shiga littattafai. Boko kaɗan na taɓa, amma ajami kam hannuna ya faɗa da shi. Kafin waya ta cika gari, a zaurenmu mutanen ƙauyukan bakin kogi suke yada zango ranar kasuwa, in rubuta musu saƙo zuwa ga 'ya'yansu da suka tafi ci-rani, in karanta musu amsa in ta zo. Ta haka na san gidajensu, na san wanda ke da ciwo, na san wadda mijinta ya rasu. Ina da 'yar gonar shinkafa a fadama, da matata Rabi, da yaranmu. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Babba da yaro Malam suke ce mini, kuma in na faɗi magana ba a neman shaida. Ku riƙe wannan yardar, samari, domin da ita na yi sata. Ban taɓa haura katangar kowa ba.

Wanda bai zauna a bakin kogin nan ba ba zai gane irin talaucinmu ba. Ƙasa ce mai albarka, ga ruwa, ga kifi, ga fadama. Amma shekara guda kogi ya cika ya shanye shinkafa tana tsaye, wata shekarar ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wata kuma tsuntsayen jan-baki su sauko kamar hadari su bar maka kara. In abinci ya ƙare a tsakiyar damina, sai mutum ya nufi masu bada-kaka, su ba shi ɗan abin da zai kai gida, da kaka su zo su kwashe buhunan tun a masussuka. Mata ma ba a maganarsu. Wa zai ba mace rance, ba ta da gona, ba ta da abin jingina?

Ana haka wani ƙaramin banki, irin waɗanda ke ba talakawa jari, ya shigo yankinmu da wani tsari. Mata za su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su tsaya wa juna. Banki zai saya wa kowace mace akuya, ya sayar mata a kan farashin da aka yi magana tun farko, babu kuɗin ruwa, ta riƙa biya kaɗan-kaɗan bayan akuyar ta fara haihuwa. Ba a neman jingina. Sunan mace da amincin 'yan'uwanta su ne jinginar. In ƙungiya ta cika alkawari, a ƙara mata, a buɗe wa maƙwabtanta. In ta saɓa, a rufe ƙofar ga ƙauyen gaba ɗaya.

Suna neman wanda ya san ƙauyuka, wanda mazaje za su yarda ya yi sallama a ƙofar gidajensu. Aka nuna musu ni. Aikina in haɗa matan, in karɓi kuɗin in sayo awaki a kara, wato kasuwar dabbobi, in kai wa kowace tata. Bayan nan ma'aikaciyarsu, wata mai suna Malama Binta, ta bi sawu ta ga akuyar da idonta, ta ɗauki hoton mai ita tare da ita a waya.

Gaskiya ɗaya ce, kuma sai na faɗe ta: tsarin nan ya yi aiki. Na ga mace da akuyarta ta haifi tagwaye, ta sayar da ɗaya ta fara bandar kifi. Na ga wadda ta haɗa da 'yar'uwarta suka sayi tukunyar turara shinkafa. Na ga gidan da a damina ta biyu mai bada-kaka ya zo ya yi sallama, matar gidan ta aiko a ce masa sun gode, bana ba sa bukata. Mijin da kansa ya ba ni labari yana dariya. In na shiga ƙauye, tun daga bakin ruwa ake yi mini addu'a. Na ji daɗin addu'ar nan ƙwarai, har na fara ganin kamar daga aljihuna alherin yake fitowa.

Farkon abin ƙarami ne. Wata rana na taya akuya, mai ita yana cikin matsuwa, ya sallama da sauƙi. Ɗan canjin da ya rage na juya shi a hannu, na ce ai wahalata ce, na yini a rana. Na sa a aljihu. Mako na gaba ban jira sa'a ba, da gangan na nemi ƙanana, masu arha. Ba wanda ya ce komai. Mace da ba ta taɓa mallakar ko kaza ba, ba za ta tsaya auna girman akuya ba.

Sannan wata mata da aka riga aka fitar da kuɗinta ta bi mijinta suka koma wajen Miga kafin in kai mata. Kuɗin suna hannuna, kuma a lokacin ina bukatar taki. Na ce zan ara, in mayar da kaka. Da ranar zuwan Malama Binta ta matso, hankalina ya tashi, na faɗa wa Sale.

Sale shi ne mai kwale-kwalen da ke ɗaukarmu in ruwa ya raba ƙauyuka da hanya. Mutum ne mai barkwanci, ba ya kirana sai da Alaramma. Ya saurare ni yana tauna goro, ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. A aro akuya, a tsayar da wata mata, a ɗauki hoto, a mayar da akuya gidansu.

Ya ce, "Alaramma, akuya ba ta da katin shaida. Duk wadda ta riƙe igiya ita ce mai ita."

Na yi masa wa'azi a ranar, har da jawo abin da na karanta a kan amana. Washegari na aro akuyar.

Abin ya wuce lami lafiya, kuma wannan shi ne babban bala'in da ya same ni. Da an kama ni a ranar, da na ji kunya ta ɗan lokaci na huta. Da damina ta kankama, ruwa ya kewaye ƙauyuka, kowanne ya zama tsibiri, sai muka mayar da abin sana'a. Na sayi awaki 'yan kaɗan masu kyau na ajiye a wani gidan gona. In an fitar da kuɗin sabuwar ƙungiya, ba na zuwa kara. Da sassafe Sale zai zuba awakin nan a jirgi, ya bi wata 'yar hanya da ya sani ta cikin kachalla, mu raba su gida-gida. Ya koma bakin hanya ya ɗauko Malama Binta, ya zagayo da ita ta babban ruwa. Ta ga awaki, ta ga mata suna murna, ta ɗauki hoto, ta tafi. Tana ba da baya sai in bi gidajen in ce doka ce, sai an kai dabbobin asibitin dabbobi a Haɗeja an yi musu allura, za a dawo da su. Wa zai yi musu da Malam? Har rakiya suke yi mana zuwa bakin ruwa. Kwana kaɗan awakin nan su bayyana a wani ƙauyen, a hannun waɗansu matan.

Na gyara rufin gidana, na sayi babur, na yi wa Rabi ɗinki. Ta tambaye ni sau ɗaya ko banki ya ƙara mini albashi ne. Na ce ta gode wa Allah ta bar bincike. Amma na lura atamfar ba ta taɓa ɗaura ta ba.

Yanzu zan gaya muku labarin Goggo Hajjo.

Tsohuwa ce, asalinsu Fulani ne masu shanu. Shanun suka ƙare tun tana da ƙuruciya, waɗansu ciwo, waɗansu fari, waɗansu sayarwa, har suka zauna a ƙauyen bakin kogi suna noma kamar kowa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun watsu, tana zaune da 'yarta Dije, tana saƙa tabarmar kaba. Da na je rubuta sunayen mata, ita ce ta ƙarshe da ta matso. Ta ce ita tsufa ya zo, ba ta san ko banki yana yarda da masu furfura ba. Matan suka ce sun tsaya mata. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce rabonta da ta ɗaure dabbar da za ta kira tata, tun Dije tana goye.

Cikin awakin da muke yawo da su akwai wata ja, mai faɗin baya, ƙafafunta na gaba farare kamar ta sa safa. Ta fi duka kyau. Ita ta faɗa wa Goggo. Da muka shiga da ita, na tarar tsohuwar ta riga ta share gefen ɗakinta, ta saro reshen cediya ɗanye ta fiƙe shi, ta kafa turke. Ta durƙusa ta buɗe bakin akuyar ta duba haƙora, ta shafa cikinta a hankali, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ai da juna biyu ka kawo mini ita."

Ni ban ma sani ba. Na ce arzikinta ne.

A wannan zuwan Malama Binta ta yi latti. Wata gada ta karye a hanya, sai bayan kwana biyu ta iso, dole awakin suka zauna a gidajen. Cikin kwanakin nan Goggo ta kwaɓa lalle ta ƙunsa wa akuyar a fararen ƙafafun nan, kamar yadda ake yi wa yarinya. Matan ƙauye suka yi ta tsokanarta, suna cewa Goggo ta yi amarya, yaushe ne buɗar kai. Ita kuwa ta ce su yi ta dariya, baƙuwar da ta shigo gida da alheri ai sai a yi mata ado. Sunan ya bi akuyar, kowa Amarya. Da Malama Binta ta zo ta ga jan ƙafafu, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauki hoto ta sake ɗauka.

Da la'asar na koma kwance ta. Na faɗi maganar allura kamar yadda na saba. Goggo ta dubi cikin akuyar. Ta ce a saninta dabba mai ciki ba a cika son a wahalar da ita a jirgi ba, ko malamin dabbobin ba zai iya zuwa nan ba? Na ce doka ce daga sama. Ita da kanta ta kwance igiyar daga wuyan akuyar, ta bar ta a jikin turken, ta ɗauko wani tsohon ɗankwali ta ɗaura mata, ta ja ta har bakin ruwa. Ta ba ni ƙullin dusa, ta ce Amarya ba ta son a jiƙa mata da yawa.

Ta ce, "Yaushe za ka dawo mini da ita?"

Na ce, "Kada ki cire turkenki, Goggo. Da kaina zan dawo da ita in ɗaure."

Muna cikin jirgi akuyar ta juya tana kuka, tsohuwar tana tsaye a bakin ruwa, har kachalla ta rufe tsakaninmu. Sale yana waƙe-waƙensa. Ni kuwa a ranar abin ya fara damuna, amma ban ce a juya jirgi ba.

Sale ya ce a sayar da jar akuyar nan tun da wuri, lallen zai tona mana asiri. Na ƙi. Na gaya masa ina son 'ya'yan da ke cikinta. Na gaya wa kaina kuma cewa ita wannan ta Goggo ce, in al'amura suka daidaita zan mayar mata. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun ƙarya ne. Na wanke ƙafafun da sabulu, na goga da toka, lalle ya ce yana nan. Sai muka riƙa shafa musu laka in za mu kai ta wani wuri. A damina akuya mai laka a ƙafa ba abin kallo ba ce.

Saƙon Goggo ya riƙa iso ni ta bakin masu zuwa kasuwa. Ba ta taɓa aiko da faɗa ba. A gaishe da Malam, a tambaya ko an yi allurar. In ce ciwo ya ɓarke a asibitin, an tsare dabbobi. A gaishe da Malam, Goggo ta ce ta tara harawa. In ce saura kaɗan. Wani ya ce mini kullum da safe sai ta share gindin turken, ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, kamar akwai mai kwana a wurin. Na yi dariya tare da shi. Ranar a sallar azahar na rasa raka'a nawa na yi.

Asirinmu ya tonu a wani ƙauye ta wajen Kaugama. Mun kai awakin da safe, Amarya da lakarta, aka ba da ita ga wata mata mai tsabta ƙwarai. Matar nan ta ga baƙuwa za ta zo daga birni, har da hoto, ta ce ba za a ɗauke ta da dabba duƙun-duƙun ba. Ta ɗebo ruwa da soso ta wanke ƙafafun tas. Ina shigowa da Malama Binta na ga ja yana ɗaukar ido. Lallen ya ɗan koɗe, amma yana nan.

Malama Binta ta tsaya. Ta ciro waya ta yi ta ja da yatsa, ta duba waya, ta duba akuya. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta shafa kan dabbar.

Ta ce, "Amarya, ke ce a nan? Ina kika baro Goggo?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta tona ni gaban matan ba. Ta gama zagayenta, ta shiga jirgi, Sale ya mayar da ita bakin hanya. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka yi sallama a zauren da mahaifina ya karantar da ni. Sale ya tsallaka iyaka, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ba na ɗora masa laifina. Shi shawara ya kawo, ni na san hukuncinta tun kafin ya buɗe baki.

Ranar shari'a an kawo matan a mota, an ɗaure awakin a harabar kotu a matsayin shaida. Waɗansu matan sun zage ni, waɗansu sun yi kuka, wata ta tofa yawu a gabana, kuma duk na cancanta. Da aka kira Goggo Hajjo, ta tsaya da ƙyar tana dafa Dije. Alƙali ya tambaye ta abin da ya faru, ta faɗa a taƙaice. Ya tambaye ta ko tana da abin da take nema.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni akuyata kawai. Ko ba a yi allurar ba, na yafe allurar."

Aka yi 'yar dariya a kotu, alƙali ya tsawatar. Ya yi mata bayani a hankali cewa akuyar nan an nuna ta da sunan mata da yawa, kowace tana ganin tata ce, don haka za a sayar da su duka a mayar wa banki abin da ya samu. Goggo ta saurara har ya gama. Sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko a ranar. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Kallon wanda yake jiran a ƙarasa masa magana ne. Na sunkuyar da kai. Da aka fito da ni za a sa a mota, na hango ta a harabar, ta durƙusa gaban Amarya tana ba ta wani abu daga bakin zaninta.

Aka yanke mini shekaru a gidan yari. Ba zan cika ku da labarin wurin ba. Akwai cunkoso, akwai ƙwaro, akwai abincin da sai ka rufe ido. Duk wannan jiki yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne kukan akuya. Bayan katangar akwai masu kiwo, kuma duk lokacin da wata ta yi kuka, ko ina cikin sahu, ko ina koya wa 'yan ɗakinmu baƙaƙe, sai in ga bakin ruwan nan da tsohuwa a tsaye. Na yi istigfari iyakar iyawata. Amma ni ɗalibi ne, na san abin da malamai suka karantar da mu: abin da ke tsakaninka da Ubangiji, tuba tana shafe shi, abin da ke tsakaninka da bawa kuwa, sai bawan ya yafe. Ni da bakina na sha faɗa wa mutane haka.

Rabi ce take zuwa dubiya. Ta sayar da babur da gonar fadama aka rage abin da ake bina. Daga bakinta na ji sauran. Bankin bai nemi komai daga matan da na cuta ba, amma ya janye daga ƙauyukan bakin kogi gaba ɗaya, har da ƙungiyoyin da suke biya ba fashi. Waɗanda suke shirin karɓar zagaye na biyu suka ji shiru. Da damina masu bada-kaka suka dawo, kuma wannan karon ba a aika musu da godiya ba. Matar nan mai bandar kifi, jarinta ya karye shekarar da ruwa ya yi yawa, babu inda za ta juya. Na ɗauka kuɗin banki na ci. Ashe abin da na ci shi ne kaɗai abin da matan nan suke da shi na jingina, wato a ce sun faɗa kuma a yarda.

Da na fito, ban iya zama a zaure ba. Ba mai kawo mini karatu, kuma ban ga laifin kowa ba. Na shiga kasuwar kifi ina dako, da kaka in yi yankan shinkafa a gonakin mutane. Waɗanda dā suke durƙusa mini su ne suke cewa, kai, ɗauko wancan kwandon. Na ɗauka. Ina tarawa kaɗan-kaɗan, Rabi tana ƙara mini da abin da ta samu a ƙuli-ƙuli, har ya kai kuɗin akuya. Na zaga kara kasuwa bayan kasuwa ina neman ja mai fararen ƙafafu. Ban samu irinta sak ba, na samu mai kama.

Rani ne, ruwa ya janye, da ƙafa na ja ta har ƙauyen. Mutane suna ganina suna kau da kai. Wani dattijo ya amsa sallamata da ƙyar. Na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama, Dije ta fito. Ta yi furfura ita ma. Ta dube ni, ta dubi akuyar. Sannan ta ce Goggo ta rasu bara, bayan ƙaramar salla.

Na yi mata ta'aziyya. Na tambaye ta abin da na yi shekaru ina son tambaya, ko Goggo ta taɓa cewa ta yafe mini.

Dije ta ce, "Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ba ta cika ambatonka ba. Shigo ka gani."

A gefen ɗakin, inda na san turke, bishiya ce tsaye, ta wuce tsayin katanga, ta yi inuwa. Reshen cediya ne ɗanye, kuma tsohuwa ta yi ta yayyafa masa ruwa kowace safiya, sai ya kama ƙasa ya yi saiwa. Dije ta ce sun so su cire shi tun yana ƙarami, don saiwar kada ta fasa ɗaki, Goggo ta hana. Har a ciwon ajalinta ta sake faɗa, kada a taɓa turken, Malam ya ce da kansa zai dawo da ita ya ɗaure. Igiyar tana nan. Jikin bishiyar ya yi ƙiba ya haɗiye ta, sai ɗan guntu ya leƙo, ya yi baƙi.

Na tambayi Dije ko za ta karɓa. Ta ce ba don ni ba, don maganar tsohuwa kada ta faɗi ƙasa. Ta ce kuma ba za ta ci ita kaɗai ba, 'yar fari in mace ce za ta miƙa wa ɗaya daga cikin matan da suka tsaya wa Goggo, ita ma in ta samu ta miƙa gaba. Na ce hakan ya yi. Ta ce ba shawarata ta nema ba. Na durƙusa na ɗaure akuyar a gindin cediyar da hannuna. Dije ta miƙa hannu ta karyo reshe ta jefa mata, ta hau ci.

Yau ina nan ina dako, ina tara na wata akuyar, domin matan suna da yawa kuma ba lalle kwanana su kai ba. Waɗansu sun karɓi gaisuwata, waɗansu sun ce mu haɗu gaban Allah. An ce wani bankin ya fara leƙo ƙauyukan tudu, amma na bakin kogi har yanzu ana cewa a dakata.

Ku samari, musamman ku da Allah Ya ba ɗan ilimi a cikin mutanen da ba su da shi, da ku nake. Za a ɗauke ku aiki irin nawa, a ba ku kuɗin mutane ku kai, domin kun iya karatu kuma an san iyayenku. Ranar da canji ya rage a hannunku, ku mayar a ranar, kada ya kwana. In zuciya ta ce muku aro ne, ku tambaye ta wa kuka roƙa. In kun riga kun taɓa, ku je ku faɗa da bakinku tun abin yana ƙarami, ku ji kunyar yini ɗaya. Kada ku ce kuɗin banki ne, banki ba ya jin ciwo. A ƙarshen kowane kuɗi irin wannan akwai wata tsohuwa da ta share wuri ta kafa turke. Kuma kada ku jinkirta neman gafarar mutum kuna cewa sai kun shirya, domin ba ku ne kuke riƙe da kwanansa ba.

Nakan je ƙauyen lokaci-lokaci, in tsaya daga waje in hango kan cediyar ta saman katanga, in yi wa Goggo Hajjo addu'a, in juyo. Na cika alkawarin da na yi mata, amma ba ta nan ta gani. Amsar tambayata tana wurinta, kuma sai ranar da za a tsayar da mu ni da ita zan ji. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta tausaya mini a ranar. Ku kuma Allah Ya tsare hannuwanku.